Ƙwallon Yara: A Cikin Mota Ake Gyara Ta, A Cikin Mota Ake Ɓata Ta

Duk wanda ya saba zuwa kallon gasar unguwanni ta yara a filin makarantar firamare ya san yadda baƙi suke isowa. Tun kafin a hango motar ake jin ƙararta, domin salansa ta daɗe da hujewa. Fijo 504 ce doguwa, wadda ake kira wagon, bayanta ya zauna har yana neman sharar ƙasa, murfin but a ɗage, ƙafafu suna reto a waje. Direba zai zuro hannu ta taga ya buɗe ƙofarsa ta waje saboda mariƙin ciki ya karye, sannan yara su fara zubowa. Masu masauki kuwa sun riga sun kewaye motar suna ƙirge da ƙarfi: sha uku, sha huɗu, sha biyar, sha shida, ga koci na sha bakwai rungume da jarkar ruwa. Wani yaro ya leƙa ciki ya ce, "Baba direba, babu saura a ƙarƙashin kujera?" Dattijon ya ce, "Akwai biyu, su ne ƙwallayen da za mu zura muku." Fili ya kaure da dariya, har da waɗanda suka fito suna ta miƙe ƙafar da ta sage.

Wannan raha tana da daɗi, kuma ba na so ta ɓace. Amma a ganina, yawancin abin da muke kuka da shi a ƙwallon yara, wato faɗa da dukan alƙalin wasa da cusa ƙattai cikin ƙanana, ba a fili yake somawa ba. A cikin motar nan yake somawa a hanyar zuwa, a cikinta kuma ake ƙarasa shi a hanyar dawowa. Yaro yakan yi awa ɗaya yana buga ƙwallo, amma yana iya yin awa biyu ko uku a matse tsakanin manya yana jin abin da suke faɗa, yana kallon yadda suke yi wa doka. Mu kuwa duk wa'azinmu na ladabin wasa mun tattara shi mun ajiye a minti biyun nan na shan hannu kafin a busa usur.

Motar kanta ba ta da laifi, ta ma cancanci yabo. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta ma'aikacin da ya ci bashin mota, ita ta kai mata biki da suna, ta ɗauko ragon layya, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu sananne ne: cikinta ya yi nesa da ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, injinta mai silinda huɗu ne mai kafireto wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Da ta tsufa a gida sai ta koma tasha, ko ta zama motar kawun da ake roƙa ya kai yara wasa. Yau Golf da Sharan da Hayis sun karɓi aikin a wurare da yawa, amma halin lodin bai sauya ba.

Doguwar 504 mai layin kujeru uku mutum bakwai ko takwas aka yi ta domin su. Idan aka zuba sha bakwai, ga abin da yaro yake gani da idonsa. Ana hango shingen jami'an hanya sai koci ya ce, "Na baya ku kwanta, kada wanda ya ɗago kai." Direba ya dunƙule wani abu a tafin hannu ya miƙa ta taga, aka ɗaga katako, aka wuce, manya suka yi dariya. Minti arba'in bayan haka mutumin nan da ya ce a kwanta shi ne zai tsaya a bakin layi yana ihu cewa ɗan wancan ɓangaren ya taɓa ƙwallo da hannu ya ƙi faɗin gaskiya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba wawa ba ne. Ya riga ya gane cewa doka abar kaucewa ce idan ba a ganin ka.

Sannan ga haɗarin kansa, wanda direbobi suka sani sarai. Nauyi idan ya wuce kima, birki ne yake fara shan wahala. Man birki yana tsotsar damshi daga iska a hankali, shi ya sa ake so a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Wanda ya shekara biyar a mota, da zarar birki ya yi zafi a gangara sai ruwan da ke cikinsa ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta tsattsage. Idan iskarta ta yi ƙasa ga lodi ga kwalta mai zafi a watan Afrilu, gefenta zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta fashe. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, har da safaya, a kuma tabbatar jak da sifanar taya suna ciki.

Abin da aka fi rainawa shi ne zama a but da murfi a ɗage. Mota mai bayan tsaye idan tana gudu, iskar da ke bayanta juyowa take yi ta shigo ciki, ta kwaso hayaƙin salansa. A cikin hayaƙin akwai iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Yaran da suka zauna a wurin su ne za su sauka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a shiga fili su kasa gudu, koci ya ce ragwaye ne ko sun ci tuwo da yawa. A liƙe salansar, a rufe but, a bar shi ga ƙwallaye da takalma. Lagireto kuma a duba ruwansa injin yana sanyi, a matsa fambel da yatsa a ji ko ya saki. Idan mota ta yi zafi a hanya, a nisanta yara daga gabanta, kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin ruwan a matse yake kuma fuska yake nufa.

Ranar 31 ga Mayun 2025 motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa daga gadar Ciromawa a hanyar Zariya zuwa Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da yiwuwar gajiya da gudu bayan tafiyar dare. Wannan tawagar jiha ce. Ƙungiyar unguwa da ba ta da kowa sai kawu da tsohuwar motarsa ta fi buƙatar ƙa'ida: mota biyu ga yara sha shida, kowane yaro da mazauninsa, ƙanana a baya, a tashi da wuri yadda ba za a yi tsere da lokaci ba, kada a wuce kilomita 80 a titin da ba tagwaye ba, kuma a dawo da sauran haske. Koci kada ya zama shi ne direba. Mutumin da aka ci shi uku da nema yana tafasa bai kamata ya riƙe sitiyari da 'ya'yan mutane a bayansa ba.

Akwai wani darasi da ake bayarwa a motar wanda ya fi lodin muni. A kujerar tsakiya akwai wani dogon yaro da ba a taɓa gani a atisaye ba, an aske masa gemu da safen nan. Koci yana juyowa yana yi masa bita: "Sunanka wane, ajinka shida, an haife ka shekara kaza. Maimaita." Sauran yara suna ji. Wanda aka karɓi rigarsa aka ba sojan gonan yana zaune a gefe, ya yi wata uku yana zuwa atisaye ba fashi, yau zai kalli wani yana amsa sunansa.

Mun san inda wannan hanya take kaiwa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, aka kuma ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, lokacin da aka buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a biranen da suka haɗa da Kano da Kaduna da Bauchi, aka shigo da hoton MRI na wuyan hannu, wanda yake duba ko mahaɗar girma ta ƙashin ta rufe. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Najeriya gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ce ta fitar da ita, ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. Ƙasar da ta ɗauki kofin nan sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ba ta rasa yara masu baiwa ba. Abin da ake yi a sama, a motar unguwa aka koye shi.

Gasar unguwa ba ta da kuɗin MRI, kuma gwajin ba shi da amfani ga 'yan sha uku. Abin da yake aiki ya fi haka araha. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu kada a karɓe ta ita kaɗai, domin jiya ma ana iya yin ta. A nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko katin rigakafi, a haɗa da rajistar shiga aji ɗaya ta makarantar yaron, wadda aka rubuta shekaru shida ko bakwai da suka wuce lokacin da babu wanda yake tunanin kofi. Yaron tsangaya da ba shi da ko ɗaya kada a kore shi: malaminsa da mai unguwa su tsaya masa a gaban kwamiti. A tsayar da rana ɗaya ta yanke shekaru, 1 ga Janairu, kamar yadda ake yi a gasannin duniya. A yi wa kowane yaro kati mai hoto a rufe shi da leda, katunan su zauna a hannun kwamiti, a rufe rajista kafin wasan farko. Kafin a take wasa, kyaftin ɗin kowane ɓangare ya bi layin abokan karawa da katunan a hannu yana duba fuska. In an kama sojan gona, ƙungiya ta rasa makin, koci ya bar gasar. Yaron kuwa a yi masa nasiha a bar shi, ba shi ya kawo kansa ba.

Wani abin da yake tura koci neman ƙattai shi ne filin da muke sa yara a ciki. Ragar manya faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Ka tsayar da gola ɗan shekara goma sha ɗaya a ciki, duk wanda ya iya ɗaga ƙwallo sama ya ci, don haka mai ƙarfin ƙafa ya fi mai basira daraja. A Ingila an yi shekaru ana sa 'yan sha ɗaya da sha biyu su buga tara-tara a ƙaramin fili da ƙaramar raga, minti talatin-talatin, da ƙwallo mai lamba 4, ba mai lamba 5 ta manya ba. Dokokin ƙwallo na duniya sun yarda a rage fili da raga da lokaci ga yara, har wanda aka canza ya sake komawa. Tara-tara kuma na nufin tawagar sha uku ta isa, lodin mota ya ragu. A lokacin zafi a tsayar da wasa a tsakiyar kowane zagaye a sha ruwa. Jakar fiya wata ɗaya ƙulli ashirin ce, lita goma, ba ta isar ƙungiya a watan Afrilu, a sayi uku.

Alƙalin wasa shi ne marayan fili. Ka lura da yadda direban baƙi yake ajiye mota: ya juya hancinta ya fuskanci ƙofar fita, bai yi nisa da ita ba, saboda ya san ana iya tashi da jifa. Tushen rikicin sau da yawa kuɗi ne. Idan masu masauki ne suke biyan alƙali bayan an tashi, to kowane busa da ya yi ana auna shi da aljihunsa. A tara kuɗin alƙalai daga kuɗin rajista, kwamiti ya biya kafin wasa, a ɗauko alƙali daga unguwar da ba ta cikin karawar. A ja igiya taku uku daga layi, 'yan kallo su tsaya bayanta, kada kowa ya tsaya a bayan raga. Masu caca a bakin fili a sa 'yan sintiri su tashe su, domin wanda ya sa dubu biyu a kan wasan yara shi ne yake fara ɗaukar dutse. A cikin fili kyaftin kaɗai ya yi wa alƙali magana, kamar yadda aka yi a gasar Turai ta 2024. Yaron da ya yi tsiwa a fitar da shi na ɗan lokaci ya huce, minti takwas a wasan awa ɗaya, abin da doka ta amince da shi ga wasannin yara tun 2017. In maki ya zo ɗaya a rukuni, a duba wanda ya fi ƙarancin kati. Da haka Japan ta wuce Senegal a gasar kofin duniya a Rasha a 2018, kati huɗu da shida.

Akwai labarin da ya kamata kowane koci ya ba yara a hanyar zuwa maimakon bitar sunan ƙarya. A Fabrairun 1999, a wasansa na farko a Arsenal, Nwankwo Kanu ya shigo daga benci a karawa da Sheffield United a gasar kofin FA. Golan Sheffield ya fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo. Ray Parlour na Arsenal ya jefo ta da nufin mayar musu, Kanu bai fahimci abin da ake ciki ba ya bi ta ya ba Marc Overmars, ya zura. A doka ƙwallo ta ciwu, Arsenal ta yi nasara biyu da ɗaya. Kocin Arsenal, Arsène Wenger, ya ce a sake wasan, aka sake, suka sake ci biyu da ɗaya. Abin lura a nan, ɗan wasa ne ya yi kuskure, amma babba ne ya gyara, kuma ya gyara ne alhali nasara tana hannunsa.

Ba'a kuwa, masu son a hana ta gaba ɗaya ban goyi bayansu ba. Mu mutane ne masu wasan barkwanci: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, taubashi da taubashi. A Nijar har UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2014. Ƙa'idarta kowa ya san ta tun yana ƙarami: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma a ƙarshe ku biyun kuna dariya. A tsokani tsohuwar mota, a tsokani bugun da ya tafi gonar maƙwabta, a tsokani rigunan da lamba bakwai ta fito sau uku. Amma iyaye ba sa shiga, ashar ba ya shiga, haka nan nakasa da ƙabila da addini, da talaucin yaron da ya zo da takalmin aro. Kuma babba ba ya yi wa yaro ba'a a kan kuskurensa a gaban jama'a, domin yaron ba shi da ikon ramawa, wannan cin fuska ne. A fagen kokawa sau da yawa za ka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kayar, makaɗa suna ta zuga, ba a fasa komai ba.

Hanyar dawowa ita ce ajin ƙarshe. Idan jumlar farko da ta fito daga bakin koci ita ce "alƙali ya sayar da mu", to yara sha shida sun koma gida da imanin cewa ba a taɓa cin su sai da zalunci, kuma wasa na gaba da wannan zuciyar za su shiga. A kira suna daga takarda kafin mota ta tashi. A raba ruwa da burodi ko ayaba, a bar zancen wasa na kwata guda. Yaron da ya zubar da fenariti ya zauna kusa da koci, kada a bar shi a ƙurya abokai su yi ta caccakarsa. Wanda kansa ya bugu yana jiri ko amai, asibiti za a fara biyawa da shi, kuma a gaya wa iyayensa baki da baki. Kowane yaro a sauke shi a ƙofar gidansu.

Za a ce duk wannan kuɗi ne. Masu shirya gasa suna samun kuɗin rumfa da kujerun manyan baƙi da mai kiɗa da ƙaton kofi, wani lokaci har da riguna masu hoton ɗan takara. A rage rumfa ɗaya a zuba wa mota ta biyu mai. A rage kyautar kuɗi, wadda ita ce take jawo sojan gona tun farko, a biya alƙali da ita.

Abu ɗaya kuma nake so a rubuta cikin dokar kowace gasa: masu masauki, ko sun ci ko an ci su, su raka baƙi har mota, su tsaya sai ta fita ƙofa. Sau da yawa ma dole ce take sa hakan, domin batirin tsohuwar fijo ba ya son jira. Direba ya murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas, ya leƙo ya ce, "To 'ya'yana, ku da kuka ci mu, ku zo ku biya." A yi turin a cikin fili inda ƙasa take a shimfiɗe, ba a bakin titi ba. Yara su tsaya a baya kaɗai, kada kowa ya riƙe ƙofa ko ya shiga gefen taya. Direba ya kunna makulli, ya sa giya ta biyu, ya danne kuloci har mota ta ɗauki gudu, sannan ya sake shi. Da injin ya kama, babba ɗaya ya daka tsawa kowa ya cire hannu, saboda a daidai lokacin ne mota take fizga, mai turi ya kifa da fuska.